Kwana Tara a Ƙasar Brian Lara

Jariri ne ya kai ni Trinidad. Ƙanena likita ne a kudancin tsibirin, shekara shida rabonsa da gida, matarsa ta haihu, Hajiya kuma ta ce ƙafafunta ba za su jure zaman jirgi mai wannan tsawo ba, sai dai ni in je in gano mata jikanta. Aka cika mini jaka da yajin jego da kuka da turaren wuta, na tashi daga Abuja na bi ta Landan, daga can wani jirgin ya tsallaka teku da ni. Na sauka a filin jirgin Piarco da la'asar a ƙarshen watan Agusta, an gama ruwa ke nan, iska na manne wa mutum a jiki kamar ta Fatakwal.

Motar ƙanena tana wajen gyara, don haka maƙwabcinsa ne ya kawo shi tarbata. Dattijo ne, malamin makaranta da ya yi ritaya, Musulmi, jikan Indiyawan da Turawan Ingila suka riƙa kwasowa aikin rake daga 1845 zuwa 1917, bayan an 'yanta bayi. Baba na riƙa ce masa har na baro ƙasar. Muna hawa babban titi ya tambaye ni ko ana kurket a Najeriya. Na ce ana taɓawa, amma mu ƙwallon ƙafa muka sani, kuma don in burge shi na ƙara da cewa na san ɗan ƙasarsu Dwight Yorke, wanda ya ci kofi uku da Manchester United a 1999. Ya ji daɗi, ya ce Yorke ɗan Tobago ne, ɗaya tsibirin ƙasar, kuma aminin Lara ne tun suna yara. Sai na ce, "Wace ce Lara?"

Motar ta yi tsit. Ƙanena ya miƙo hannu daga baya ya mintsine ni a kafaɗa, ya ce da Hausa, "Haba Yaya, tun ba ka sha ruwan garin ba za ka ja mana kora?" Baba bai ce uffan ba sai da muka kusa San Fernando. A wani wuri da ake kira Tarouba ya rage gudu, ya nuna mini wani makeken filin wasa a gefen hanya, ya ce in karanta sunan da ke jiki. Na karanta. Ya ce to gobe bayan la'asar in same shi a barandarsa.

Da marafen kwalba da ashana ya koya mini wasan. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Mai jifa zai sheƙo a guje ya wurgo wata jar ƙwallo mai taurin dutse, yana neman sanduna uku da aka kafe a ƙasa. Mai duka yana tsaye a gabansu da katako mai kama da faffaɗar muciya, yana karewa. In ya make ƙwallon, shi da abokinsa su yi musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ta gangara har bakin fili maki 4, in ta tsallake ta sama maki 6. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukuncin kuskure. Ɗan ƙwallon ƙafa zai ɓarar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai duka kuwa, a cafe masa ƙwallo sau ɗaya a sama, ko ta wuce shi ta taɓa sandunan, shi ke nan, ya ɗauki katakonsa ya koma rumfa ya zama ɗan kallo. Babban wasan, wanda suke kira Test, kwana biyar ake yi, ana tashi cin abincin rana, ana tashi shan shayi, kuma bayan duk wannan ana iya watsewa ba wanda ya ci wani. Na yi dariya har da tari. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce duk mai dukan da ya tara maki 100 kafin a fitar da shi, filin gaba ɗaya ake miƙe masa. Brian Charles Lara ya tara 400 a tsayuwa ɗaya, ba a kuma fitar da shi ba. A wani wasan ya tara 501.

Akwai wani abu da sai da ya maimaita mini sau biyu kafin ya shiga. Ƙungiyar da Lara ya buga wa, West Indies, ba ƙasa ba ce. Jamaika da Barbados da Guyana da Trinidad da Antigua da sauran ƙananan tsibirai kowa da tutarsa da gwamnatinsa. Yawancinsu sun gwada tarayya a 1958, ta wargaje a 1962. A ƙwallon ƙafa kowa gashin kansa yake ci, amma a kurket riga ɗaya suke sawa. Wasan na Turawan mulki ne, har an daɗe ana ganin baƙar fata bai cancanci ya zama kyaftin ba, sai a 1960 aka damƙa wa Frank Worrell ragamar ƙungiyar zuwa Ostireliya. Daga baya suka mayar da abin ramuwar gayya. Ƙarƙashin Clive Lloyd suka ɗauki kofin duniya a 1975 da 1979, kuma daga 1980 zuwa 1995 babu ƙasar da ta doke su a jerin wasannin Test. Baba ya ce a wancan zamani in ƙungiyar na wasa a Ingila, direbobin bas da ma'aikatan asibiti 'yan tsibiran da ke zaune a can sukan fita aiki washegari kai a ɗage. "Lara," in ji shi, "ya iso gidan biki ne an fara kwashe kujeru."

Ranar Juma'a muka shiga jirgin ruwan haya daga San Fernando zuwa babban birnin, Port of Spain, tafiyar kusan awa guda. Ta hagu, in sararin ya washe, ana hango duwatsun Benezuwela. Da saukarmu muka faɗa wani dogon dandali a tsakiyar gari mai itatuwa da kujerun siminti, wanda aka sa wa sunan Lara. Mutum-mutuminsa na can da katako a hannu, amma ba shi ya ɗauki hankalina ba. Tsofaffi ne zaune suna buga dara irin tasu, masu sayar da kaya na kira, ma'aikata na ratsawa, wasu kuma zaune kawai suna abin da suke kira laim, wato zaman majalisa, hira ba kai ba gindi. A nan na ci abin da suke karya kumallo da shi, dabuls: soyayyen fanke biyu falan-falan, an zuba wani wake mai romo a kai. Mai sayarwa ya tambaye ni yawan barkonon da zai sa, na ce ya zuba, ni Bahaushe ne. Ban sake wannan alfaharin ba.

Bayan mun sauko daga masallaci Baba ya tare mota zuwa Queen's Park Savannah, wani fili mai faɗin gaske da titi ya zagaye, masu kwakwa jere a bakinsa suna fasa wa mutane da adda. Daga nan ya nuna mini wani tudu, Lady Chancellor, inda gidan Lara yake. Gwamnati ce ta ba shi filin a 1994. A watan Afrilun shekarar, a Antigua, yana ɗan shekara 24, ya yi wa Ingila 375, ya karya tarihin maki 365 da Garfield Sobers ya kafa tun 1958. Sobers da kansa ya ratso cikin taron da ya ɓarke ya shiga fili ya rungume shi. Ba a yi wata biyu ba, ranar 6 ga Yuni, yana buga wa ƙungiyar Warwickshire ta Ingila a Birmingham, ya yi wa Durham 501. Yana kan 18 mai tsaron bayan sanduna ya saki wata ƙwallo mai sauƙi da ta faɗo masa a hannu. Na yi ta tunanin bawan Allah nan, yadda ya tsaya a bayan Lara yana ƙirga sauran 483 ɗin da sakacinsa ya haifa.

Filin Queen's Park Oval ba shi da nisa daga nan. Ba a wasa ranar, sai masu yankan ciyawa. Na ga filaye da yawa, amma ban ga wanda duwatsu kore shar suka leƙo ta bayan rumfunansa haka ba, gajimare na zaune a kansu kamar rawani. Na ɗauka Baba zai ba ni labarin wata bajinta. Sai ya nuna tsakiyar filin ya ce a nan, a watan Maris na 1999, Ostireliya ta fitar da ƙungiyar gaba ɗayanta a kan maki 51, Lara na kyaftin, a gaban mutanen garinsa. Yana wurin. Ya ce bai ci abinci ba ranar.

A kan benen wata rumfa ya ba ni ɗaya ɓangaren labarin, wanda ba a rubuta a gindin mutum-mutumi. Sau uku aka ba Lara kyaftin. Ya jagoranci wasannin Test 47, ya ci 10, aka ci shi 26. A ƙarshen 1998, ana shirin ziyarar farko ta cikakken jerin wasanni zuwa Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariya, 'yan wasan suka toge a wani otal a Landan kan batun kuɗi. Aka tuɓe Lara, Nelson Mandela ya aiko da wasiƙa yana roƙonsu su zo, aka sasanta aka mayar da shi, suka je aka lallasa su 5 da babu. Baba bai rufa masa asiri ba. Ya ce mutum ne mai zuciya, mai saɓani da hukumar wasan da abokan wasa, wani lokacin ya yi fushi ya janye jikinsa. Ya ce wanda Allah ya ba baiwa irin wannan yakan kasa gane me ya sa abu mai sauƙi a wurinsa yake gagarar na kusa da shi, kuma shi a shekarunsa na koyarwa ya ga haka a wurin malaman lissafi mafiya ƙwaƙwalwa. Ni dai na ga kamar an ɗora wa mutum laifin zamaninsa. Gwanayen da suka riƙe ƙungiyar sun tsufa sun tafi ɗaya bayan ɗaya, ba a tanadi magada ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. A Siri Lanka a 2001 shi kaɗai ya tara 688 a wasa uku, yana fuskantar Muttiah Muralitharan, mai jifan da ƙwallonsa ke murɗewa kamar maciji, amma duka ukun an ci su. Na faɗa wa Baba ra'ayina, ya ce da gaskiyata rabi.

Ranar Asabar muka tafi Santa Cruz. Daga San Juan ake shiga hanyar, ta yi ta lanƙwasa tsakanin duwatsu har ta faɗa wani kwari mai sanyi, tsohuwar ƙasar noman koko, gora ta yi rumfa a kan titi. A nan, a ƙauyen Cantaro, Lara ya tashi. An haife shi ranar 2 ga Mayu, 1969, na goma cikin 'ya'ya 11. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa da yayarsa suka kai shi wata makarantar koyon wasa ta ranar Lahadi a birni, mai suna Harvard, wadda ba ta haɗa komai da jami'ar Amurka ba sai suna. Daga nan ya shiga Kwalejin Fatima, inda yana ɗan 14 ya tara 745 a gasar makarantu. Mahaifin ya yi ta jigilarsa shekara da shekaru, amma bai ga ranar ba, domin ya rasu kafin ɗansa ya fara Test a Lahore ta Pakistan a watan Disambar 1990.

Ba mu nemi gidan kowa ba. Mun tsaya a bakin wani fili inda yara ke wasa da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif, sandunansu kuwa tsohon akwatin lemo ne. Wani yaro bahago ya ɗaga katakonsa sama can bayan ƙeyarsa kafin ya kawo duka. Baba ya taɓa ni ya ce in duba, wannan ɗagawar ta Lara ce, duk mai koyarwa zai ce kuskure ne domin ƙwallo za ta riga katako isowa, amma shi nasa katakon yakan sauko kamar bulala. Yaron dai ƙwallo ta wuce shi ta bugi akwati, aka yi masa ihu. Suka ba ni in gwada. Jifa uku na kai wa iska duka, na huɗu ya same ni a ƙauri, na miƙa musu kayansu.

A hanyar dawowa ne muka yi gardamar da ta fi kowace tsawo. Ni 400 ɗin ce ta cika mini ido, kuma ina da hujja. A watan Oktoban 2003 Matthew Hayden na Ostireliya ya yi wa Zimbabuwe 380 ya ƙwace tarihin. Wata shida kacal Lara ya bar masa. A Afrilun 2004 ya koma fili ɗaya da na farko a Antigua, a kan ƙasa ɗaya, Ingila, shekara goma cif bayan 375, ya tsaya kusan awa 13 ya fuskanci jifa 582 ya ƙwato kayansa. Na ce wa Baba wannan ai ko a dambe, wanda aka kayar ya tashi ya rama a dandali ɗaya shi ake yi wa kirari. Ya girgiza kai. Ya ce kafin wannan wasan Ingila ta riga ta ci uku a jere, har da ranar da ta fitar da su a kan 47 a Kingston, kuma shi Lara duka-duka maki 100 ya tara a tsayuwa shida. Wasan 400 ɗin kansa canjaras aka tashi, har wasu irin su Ricky Ponting, kyaftin ɗin Ostireliya na lokacin, suka yi gugar zana cewa su ba sa sayar da nasarar ƙungiya don tarihin mutum ɗaya. Baba bai yarda da su ba, ya ce ya hana a share su huɗu da babu, kuma mutane na bukatar abin da za su riƙe. Amma ya ce, "400 ta baƙi ce, irinku. Tamu 153 ce."

Sai da ya faka mota a gefen hanya sannan ya ba da wannan. Bayan kunyar 51, wa'adin wasa biyu da hukuma ta ba Lara a kujerar kyaftin saura ɗaya. Ya je Kingston ya yi 213, suka ci. Aka koma Bridgetown ta Barbados, inda ake neman su tara 308 a zagayen ƙarshe a gaban Glenn McGrath da Shane Warne da Jason Gillespie, masu jifan Ostireliya, ƙungiyar da ta fi kowace a duniya a lokacin. Mutum biyar suka fita ana kan 105. Jimmy Adams ya tsaya da shi suka ja abin, sannan aka sake zubewa, mutum takwas a waje ana kan 248, saura 60, kuma waɗanda suka rage masu jifa ne biyu da duka ba sana'arsu ba ce. McGrath ya buga masa ƙwallo a hular kwano, har suka yi cacar baki a tsakiyar fili. Curtly Ambrose, dogo kamar giginya, ya toge ya yi 12, ya fita saura maki 6. Sai ga Courtney Walsh ya taho, mutumin da ya fi kowa a tarihin Test fita ba tare da ko maki ɗaya ba, sau 43. Baba ya ce a shagon da suke kallo wata mata ta juya wa talabijin baya ta kama addu'a. Walsh ya kare jifa biyar, yadda ya yi Allah kaɗai ya sani. Ƙwallo ta dawo kan Lara, ya zabga wa Gillespie ita ta gangara bakin fili, suka ci wasan yana da maki 153. Baba yana ba ni labarin yana dukan sitiyari da tafin hannu, shekara 26 bayan faruwar abin, har wani mai wucewa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Na ce ai jerin wasannin ma 2 da 2 aka tashi, kofin ya koma Ostireliya. Ya ce ba a tambaye ni ba.

Lara ya ajiye katako a gasar kofin duniya ta 2007 da aka yi a tsibiran, da maki 11,953 a wasannin Test 131, da wasu 10,405 a wasannin yini ɗaya. Kofi ɗaya babba ya ɗaga a matsayin kyaftin, na zakaru a Landan a 2004. Wasansa na ƙarshe a Bridgetown ɗin nan aka yi, da Ingila, ya fita a kan 18 saboda ruɗanin gudu tsakaninsa da abokin dukansa. Da aka miƙa masa makirufo sai ya juya ga 'yan kallo ya tambaye su ko ya nishaɗantar da su, filin ya amsa da ƙara.

Daren da ya rage mini biyu ƙanena ya samo tikiti uku, muka je filin Tarouba ɗin da na fara gani. An gina shi ne don kofin duniya na 2007, amma bai buɗe ba sai 2017, labarin da ya sa na ji kamar ina gida. Gajeren wasa ake yi, na awa uku da 'yan kai, ƙarƙashin fitilu, kowa da jar riga, ana kaɗa gangunan ƙarfen da suke ƙerawa da tsofaffin durom na mai, ƙwallo na ta tashi sama tana faɗawa cikin mutane. Ni wannan ya fi mini, kuma ban ɓoye ba. Baba ya zauna da hannu a harɗe kamar wanda aka kai gidan rawa bisa kuskure. Ya ce a watan Yuli, 'yan makonni kafin zuwana, Ostireliya ta fitar da West Indies a kan 27 a Kingston, abin da ya sa 51 ɗinsa ta zama abin marmari. A watan nan dai kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, Wiaan Mulder, ya kai 367 a kan Zimbabuwe a Bulawayo, ba a fitar da shi ba, tarihin na gabansa saura taku kaɗan, sai ya tsayar da dukan da kansa, ya ce Lara ne ya cancanci ya riƙe shi. Na tambayi Baba ko wannan bai faranta masa ba, shi da ya ce 400 ta baƙi ce. Ya kawar da kai yana kallon fili, can ya ce yaron yana da tarbiyya.

Ranar tafiyata ya zo da wani ƙaramin katako da ya sassaƙa da reshen kwakwa, irin wanda yaran tsibirin ke fara koyo da shi, ya ce na jaririn ne, a ajiye masa. Sai da na zuge jakata a Kano na tarar da shi a ƙarƙashin kaya, ƙanena ya cusa mini da 'yar takarda cewa Baba ya sassaƙa biyu. Hajiya ta gama kallon hotunan jikanta, ta ɗauki katakon ta jujjuya shi, ta tambaya ko mutanen can tuwonsu ba ya da tauri ne suke muciya da reshe.